Saje Terkula Ya Miƙa Aiki

"Ajuwaya! A mayar da ita kan gado, a sake!"

Tun daga zaure na jiyo muryar Baba Saje. Ko da na ɗaga labulen ɗakin, sai na tarar da babbar 'yarsa, Yaya Mimidoo, tana haki. Ta rungumo mahaifiyarta ta hammata, rabin jikin tsohuwar a kan gado, rabi a kan keken guragu. Shi kuwa yana zaune a kujerar roba, sandarsa a kan cinya, yana duban agogon hannunsa.

"Baba, sau huɗu ke nan fa," in ji Yaya Mimidoo. "Don Allah ka bari in sha iska."

"Ko sau goma ne. Ka lanƙwasa gwiwa, ba baya ba. Buhun gero ka ɗauko? Matata ce."

Shekara arba'in da shida Baba Saje Terkula ya yi a Potiskum, amma har ya bar duniya bai yarda akwai bambanci tsakanin "kai" da "ke" ba. Namiji da mace, yaro da babba, kowa "kai" ne a wurinsa, kamar yadda ya koyi Hausar a bariki. Mutum ɗaya kaɗai yake ce wa "ke", ita ce matarsa Perpetua, wadda mu 'yan unguwa muka mayar Mama Fafetuwa. A lokacin nan ma tana rataye a hannun 'yarta, tana dariya da ɓarin bakinta mai motsi.

Ya waiwayo ya gan ni. "Yauwa, likita ya iso. Fanne, ajiye akwatin nan naka. Kai ne na gaba."

Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a unguwar Ngojin, tun da aka kawo ni gidan Abdulrahim shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ranar da aka kawo ni, Mama ce ta fara aiko mini da tuwo da miyar agushi, shi kuma Baba ya tsare Abdulrahim a ƙofar gida ya ce masa, "In na ji kukan yarinyar nan ta katanga, ni da kai ne." Abdulrahim direban tirela ne, ƙato, amma har gobe in ya tuna sai ya gyara tsayuwa.

Baba mutumin Gboko ne. Yana da shekara goma sha takwas ya shiga soja, aka kai su Kwango, suka dawo, aka yi yaƙin basasa da shi. A can harsashi ya same shi a cinya, wani Kofur Dabo mutumin Fika ya goya shi ya fitar da shi daga daji. Wannan goyon kuwa, shekara hamsin da 'yan kai suna musu a kansa. Baba Dabo yana cewa bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyi da surutu irin Terkula ba. Baba Saje yana cewa ba don shi yana nuna hanya daga baya ba, da Dabo ya kai su sansanin abokan gaba ya yi sallama. Da suka ajiye kaki, Baba Dabo ne ya ce masa ya zo Potiskum ya ga gari. Ya zo da niyyar mako biyu. Ya kafa injin niƙa a bakin layinmu, da shi ya riƙe 'ya'ya biyar nasa da wasu uku na ƙanensa, duk ya sa su makaranta. Autarsu ma Hanatu ya sa mata, sunan matar Baba Dabo.

Shekarun da gari ya rikice, aka yi ta kwashe kaya ana tafiya, 'ya'yansa sun aiko da mota har sau biyu. Ya mayar da ita. Ya ce shi bai taɓa barin wurin gadi ba sai an zo an canje shi. Shi da Baba Dabo suka ajiye benci a bakin layi, ɗaya da carbi, ɗaya da ƙaramin Littafi Mai Tsarki a aljihu, suna tambayar duk baƙuwar fuska wurin wa ta zo.

Shekara tara ke nan da ɓarin jikin Mama na dama ya shanye. Tun daga ranar ya ba da injin niƙa, ya koma jinya. Shi ke yi mata wanka, shi ke shafa mata man zafi, shi ke ba ta abinci a baki. Har kitso ya koya a wurina. Kitson nasa layi-layi ne, a miƙe sak, kamar sojoji a fareti, Mama kuwa ba ta taɓa ɗaura ɗankwali ta ɓoye shi ba.

Mako uku kafin wannan rana da nake ba da labari, ni na raka shi wurin likita, don ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi kuma yana yi masa wuya. Likita ya duba takardu ya yi ta kewaye-kewaye da Turanci. Da muka fito muka zauna a inuwar darbejiya muna jiran abin hawa, sai Baba ya juyo gare ni.

"Fanne, likitan nan tsorona yake ji. Kai faɗa mini. Wata nawa?"

"Baba, rai ai na Allah ne."

"Na sani. Ban tambaye ka ko na wane ne ba. Na ce wata nawa."

Na sunkuyar da kai. Na ce zuciyar ta gaji, in ana shan magani wataƙila wata biyu, wataƙila uku, Allah ne masani.

Can ya buga sandarsa a ƙasa. "To madalla. A soja ko notis ɗin awa ɗaya ba a ba mutum. Wannan ai alfarma ce." Sai ya juyo. "Kada ka faɗa wa Mama."

Washegari ya kira Yaya Mimidoo daga Makurdi, inda take koyarwa, ya kira Hanatu da ke aure a Nangere. Ya ce zai miƙa aiki. Ya sa aka rubuta masa jadawali a bayan tsohuwar kalanda aka manna a ƙofar kicin: ƙarfe shida wanka, bakwai kunun gyaɗa, takwas magani, tara a fito da ita tsakar gida kafin rana ta yi zafi. Ga Mama kuwa cewa ya yi wai yana so yara su koyi aiki ne don kada su zama ragwaye. Yaran nan, babbarsu ta haura hamsin.

Horon ya fi ƙarfin 'ya'yansa kaɗai. Ni ma na shiga, Abdulrahim ma in ya sauka daga tafiya sai an sa shi ya tura keke daga ɗaki zuwa zaure ba tare da ya bugi dokin ƙofa ba. Baba Dabo yakan zo da hantsi ya zauna a gefe yana ba da maki. Bai taɓa ba kowa fiye da huɗu cikin goma ba.

Dariya muke yi, amma akwai abin da ke cin kowa a rai. Yaya Mimidoo ta zo ne da shawararta a ƙulle: za ta kwashe su duka biyun ta tafi da su Makurdi. Wata rana da la'asar muna bayan kicin ni da ita da Baba, suka tayar da maganar ƙasa-ƙasa don kada Mama ta ji.

"Baba, can akwai manyan likitoci. Ga ni, ga jikokinka. In wani abu ya faru, wa zai riƙe Mama a nan?"

"Gidanka bene ne, hawa na biyu. Ka fita aiki ƙarfe bakwai, ka kulle ta a sama kamar tantabara. Wa zai leƙo ya gaishe ta? A nan daga safe zuwa azahar mutum goma ne ke shigowa."

"Mutum goma masu gaisuwa, Baba, ba masu wanka ba. Fanne tana da aikinta da gidanta. Hanatu tana da miji."

Ban taɓa ganin an rufe masa baki ba sai ranar. Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Ya dafa bango ya miƙe, ya ce, "Lokacin darasin kunu ya yi," ya wuce.

A tsakar gida aka yi darasin ba da kunu, Baba Dabo yana nan. Baba Saje ya ja kujera kusa da keken Mama, ya ɗora tawul a ƙirjinta, ya ɗauki kwano.

"Ku duba da kyau. Rabin cokali, ba cikakke ba. A hura sau uku. A shigar ta hagu, don dama ba ya—"

Numfashinsa ya sarƙe. Cokalin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗa cikin kwano, kunu ya fantsama a kan tawul. Ya yi ƙoƙarin ɗauka, yatsun suka ƙi. Na yunƙura zan tashi, sai na ga Mama ta miƙa hannunta na hagu.

Ta ɗauki cokalin. Ta ɗebo kunu, ta kai bakinta, ta shanye tsaf, ko ɗigo bai zuba ba. Ta sake ɗebowa, ta hura, ta miƙa masa.

"Buɗe baki, Saje."

Ya buɗe bakin, amma don mamaki. Ta zuba masa. Ya haɗiye, yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Ke! Tun yaushe?"

Maganar Mama a hankali take fita tun da ciwon ya same ta, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Shekara bakwai."

"Shekara bakwai kina iya cin abinci da kanki?"

"Har gyaɗa... ina ɓarewa."

Baba Dabo ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Baba Saje ya juyo kansa. "Dabo, ka sani?"

"Duk ranar da ka tafi taron 'yan mazan jiya, tare muke cin ɗanwake da ita. Ta fi ni sauri."

"Fanne, kai ma?"

Na rufe fuska da mayafi. Ni ce ma na fara koya mata riƙe cokali da hagu, ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa ba.

"Munafukai!" in ji shi. "Unguwa guda! A soja wannan tawaye ne, harbi ake yi!" Sai dariya ta kama shi, ta koma tari, na riƙe shi har ya lafa. Da ya samu numfashi ya dube ta, murya ta yi ƙasa. "Me ya sa, Perpetua?"

"In na karɓe cokali... wane aiki za ka yi? Sai ka dami mutane." Ta ajiye cokalin a kwano. "Kuma abin da likita ya ce... na sani."

Ya waiwayo ya harare ni. Na girgiza kai da sauri.

"Ba ita ba ce," in ji Mama. "Shekara hamsin da huɗu... ina jin numfashinka. Sai wani ya gaya mini?"

Yaya Mimidoo ta juya baya tana share ido da gefen zaninta. Mama ta kira ta.

"Mimi. Kuna shawara a kaina a bayan kicin... kamar ni akuya ce. Jikina ne ya shanye. Kunnena lafiya lau. Ba wanda ya tambaye ni."

Yaya Mimidoo ta durƙusa a gabanta. "Yi haƙuri, Mama. To me kike so?"

"Nan. A nan na haifi uku. A nan za a binne shi. Ina zan je?"

Ba a gama maganar a ranar ba. Sai da Hanatu ta zo da mijinta aka zauna aka yi ta ja. A ƙarshe mijin, mutum mai sauƙin kai, ya ce tsakanin Nangere da Potiskum ai ba tafiya ba ce, za su dawo gidan da zama, shi ya riƙa zuwa aiki a babur. Yaya Mimidoo ta ɗauki duk hutun makaranta. Ni na ɗauki magani da awon jini. Ta yarda, ko da yake ba da son ranta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Tun daga nan Baba ya saki jiki kamar an sauke masa kaya. Horo dai bai daina ba, amma an samu sauƙi. Wata Laraba ma ya tashi da rigima wai sai ya fita da amaryarsa yawo. Abdulrahim ya samo Keke Napep, aka naɗe keken Mama aka ɗaure a sama. Baba ya sa farar riga ya maƙala lambobinsa uku a ƙirji. Su biyu da ni a baya, Baba Dabo ya matsa kusa da direba yana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

Muka bi ta tsohon wurin injinsa, inda yanzu ake cajin waya. Muka bi ta gaban cocinsu, muka gangara wajen kasuwar shanu, inda tireloli suka yi layi ana lodi. Ya sa aka tsaya ya sayi fura da nono a wurin wata Bafulatana, ya ce a dama wa madam da kyau. Wani bijimi fari mai manyan ƙahoni ya wuce ta gabanmu, Baba Dabo ya nuna shi ya ce, "Ka ga wannan? Nauyinku ɗaya ranar da na goya ka."

"Ƙarya kake. Wannan ai ya fi ni hankali, da bai yarda ka goya shi ba."

Mama ta yi dariya har nono ya zubo mata a haɓa. Ya sa hannun rigarsa ya goge mata, a tsakiyar kasuwa, mutane suna kallo.

Bayan wannan fitar bai ƙara kai wa bakin layi ba. Ƙafafun suka ƙara nauyi, sai a zaune yake iya barci. Sauran 'ya'yan suka zo ɗaya bayan ɗaya da jikoki, gida ya cika, ya riƙa kiran kowa yana yi masa tambayoyi kamar mai duba fareti. Fasto ya zo ya ba shi jibin Ubangiji. Limamin unguwarmu ma ya zo ya duba shi, suka yi ta hirar farashin taki.

Wata ranar Talata ina hutu a gida. Da hantsi ina wanke-wanke ina jiyo su ta katanga. Hanatu ce ke ɗauko Mama daga gado zuwa keke, na ji ta turo ta tsakar gida. Na kasa kunne in ji faɗan da aka saba. Sai na ji ya ce, "Ya yi."

"Baba, me ka ce?" in ji Hanatu.

"Na ce ya yi. Kurma ne kai? Je ka ɗora ruwan shayi."

Na yi murmushi na ci gaba da aikina. Ban fi wanke tukunya biyu ba na ji an kira sunana. Muryar Mama ce. Shekara tara rabon da muryarta ta tsallako katangar nan.

"Fanne! Zo ki duba Sajenki. Ya yi shiru... ba halinsa ba ne."

Na shiga da kumfa a hannu. Yana zaune a kujerarsa kusa da ita, ya yi aski, ya ɓalla maɓallan rigarsa har wuya, kansa ya ɗan karkata wajen kafaɗarta. Na taɓa wuyansa, na jima ina nema. Mama tana kallon fuskata. Ta ɗora hannunta a kan nasa ta ce, "Sannu da aiki, Terkula."

Shekararsa tamanin da uku.

Ranar jana'iza cocin bai ɗauki mutane ba. Matasan layinmu, Musulmi da Kirista, su suka haƙa kabarin tun da sassafe. Direbobin tirela abokan Abdulrahim suka zo, matan da suka yi shekaru suna kai masa niƙa suka zo, har daga Fika an zo. 'Yan mazan jiya su bakwai suka jeru a bakin kabari cikin tsoffin kakinsu, mafi ƙuruciya a cikinsu ya haura saba'in. Baba Dabo ne kwamanda. Ya ɗaga murya ya ba da umarnin a juya dama. Huɗu suka juya dama, biyu suka juya hagu, ɗaya bai ji ba sam, ya tsaya ƙyam yana sara wa jama'a.

Ina riƙe da keken Mama, sai na ji yana girgiza. Na sunkuya a tsorace. Dariya take yi, hawaye yana bin kumatunta.

"Gara da bai gani ba," ta ce.

Baba Dabo dai bai yi dariya ba. Da aka busa begila ya sara, hannunsa a gefen hula, bai sauke ba har aka gama mayar da ƙasa. Sai da Abdulrahim ya je ya kama shi a hankali ya zaunar da shi.

Baƙi suka watse a cikin mako biyu. Yaya Mimidoo ce ta ƙarshe. Da za ta shiga mota ta rungume ni ta ce, "Ga amana nan, Fanne." Na ce mata ta riga ta makara, an ba ni tun tuni.

Kwana uku da tafiyarta, da yamma, hadari ya haɗo daga gabas. Na tuna Hanatu ta yi shanya kuma ta tafi cefane, sai na zaga in kwashe mata. Na tarar da Mama a baranda cikin kekenta, Baba Dabo yana zaune a tabarma nesa kaɗan da ita. Iska ta kaɗa, ƙamshin ƙasa ya taso, ruwan farko ya fara sauka a kan kwano ɗai-ɗai.

"Mama, in shigar da ke ciki?"

Ta girgiza kai. Ta miƙa hannunta waje ta buɗe tafinsa, ruwan indararo yana ɗiga a ciki har ya cika, yana gangarowa ta gwiwar hannunta.